Sayen babbar jif a wagga tsadar mai: amsa ga mai son sauya Corolla da Prado ko GX

Wa alaikumus salam Malam. Bari in maimaita tambayarka a taƙaice saboda masu karatu. Ka ce kana zaune nan cikin garin Sakkwato wajen Arkilla, ma'aikaci ne kai kana ɗan taɓa kasuwanci a gefe, kana da Corolla mai lafiya, mata ɗaya da 'ya'ya 4, wasu 'yan kuɗi sun shigo hannunka, dillali ya nuna maka Lexus GX470 da wata Prado, kuma farashin GX ɗin ya faɗo ƙasa yadda ba ka zata ba. Ka ce kuma kana zuwa ƙauyenku can wajen Tangaza lokaci-lokaci, hanyar ba ta biyuwa da daɗi in ruwa ya sauka. Kana son sanin ko sayen babbar jif yana da riba a wanga hali na tsadar mai da ake ciki.

Ni dai sana'ata ke nan, sama da shekara 20 ina cikin baƙin mai, na fara da yaron gareji, yanzu ina gyara kuma ina duba wa mutane mota kafin su biya kuɗi. To a yadda ka bayyana halinka, shawarata ita ce kada ka saye ta. Ba don jif ba ta da kyau ba, wallahi Prado da Land Cruiser suna cikin motocin da na fi girmamawa a duniya, sai don ita jif kayan aiki ce da anka ƙera saboda mummunar hanya, kai kuma kwanakin da kake hawa mummunar hanya a shekara da ƙyar su kai 15, sauran kwana 350 ɗin kana kan kwalta ne tsakanin gida da ofis da makarantar yara da kasuwa, kuma duk waɗanga kwanaki za ka riƙa biyan kuɗin ƙarfin da ba ka amfani da shi.

Mu fara da man, tunda shi ka tambaya. Kafin ranar 29 ga Mayu 2023 lita ɗaya ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi a jawabin rantsuwa, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a watan Yuli na shekarar ta haura 600, zuwa Oktoban 2024 ta wuce 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja. Tun daga nan tana hawa tana sauka, matatar Dangote ta fara fito da fetur, wani lokaci a ɗan samu sauƙi wani lokaci a koma gidan jiya. Mu kuma nan Sakkwato muna can ƙarshen layi, tanka sai ta taso tun daga Legas ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000 kafin ta sauke mana, shi ya sa kusan kullum namu ya ɗara na Legas tsada. Don lissafi ya yi sauƙi zan ɗauki lita a kan 1,000 cif, kai sai ka sa farashin da ka sha yau da safe a gurbinta.

Tankin GX470 lita 87 yake ci. Da can da kusan 17,000 ka cika shi maƙil. A kan lita 1,000 ɗin nan 87,000 ne, cikawa ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashin da anka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Motar ba ta canza ba, injin nan ne dai mai fulogi 8, wato V8, mai girman lita 4.7, ƙasar da take tafiya a kai ce ta canza.

Yanzu ga yadda suke sha, a yadda muke gani a gari da esi a kunne, ba yadda anka rubuta a takardar kamfani ba. Corolla mai inji 1.8 in tana da lafiya za ta ba ka wajen kilomita 10 a lita cikin gari, a doguwar hanya ta kai 14. Highlander ko RX350 masu fulogi 6, wajen 7 zuwa 8 a gari. Prado mai inji 4.0, wajen 6. Masu fulogi 8 irin su GX470 da LX570 da Sequoia, 5 ne ko 5 da rabi, in ta tsufa ko nozul sun toshe ma ta sauka ƙasa da haka. A ce kana yin kilomita 40 a rana, kuma kada ka ce ya yi yawa, daga Arkilla ka kai yara makaranta, ka wuce ofis, ka dawo ɗaukarsu da azahar, ka mai da su Islamiyya da la'asar, uwargida ta ce a leƙa babbar kasuwa, da dare ka je gaisuwa Mabera ko Gidan Igwai, 40 ɗin ta cika ba ka sani ba. A wata kilomita 1,200 ke nan. Corolla za ta sha lita 120, wato 120,000. Prado lita 200, wato 200,000. GX lita 240, wato 240,000. Ratar da ke tsakanin Corollarka da GX ɗin 120,000 ce duk wata, a shekara miliyan 1 da dubu 440, kuma wanga fa mai ne kaɗai, ba mu taɓa taya ba, ba mu taɓa sabis ba. Da Prado ratar 960,000 ce a shekara. Ka ajiye waɗanga lambobi biyu a ranka don zan dawo gare su.

Akwai kuma abin da mutanen da ba su zauna garin ga ba ba su ganewa, shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ba mai iya zama cikin mota gilas a rufe ba esi, gilas a buɗe kuma iskar kamar daga bakin tanda take fitowa. Jif cikinta ɗaki ne guda, wasu ma da esi na baya daban, kafin ya huce kwamfireso ya yi aiki sosai. Sannan ga tsayuwa, ka je ƙofar makaranta da ƙarfe 1 da rabi ka ga layin motoci inji na aiki ana jiran a tashi yara. Mai fulogi 8 a tsaye da esi tana iya ƙona wajen lita 2 a awa ba ta motsa ko taku ɗaya ba, kuma mita ba ta ƙirga maka wannan, sai dai ka ga allura ta yi ƙasa ka yi ta zargin gidan mai.

Dalilin shan ba wani sirri ba ne, nauyi ne. Corolla ba ta wuce tan 1 da kwata ba sosai, Prado ta haura tan 2, Land Cruiser V8 ta haura tan 2 da rabi. Duk lokacin da ka taka birki a shataletale ko agwagwa da buje, wato Keke Napep, ta shigo gabanka ko ɗan kabu-kabu ya yanko, to sai inji ya sake tayar da wanga nauyi daga tsaye, kuma a nan ne mai yake tafiya. Ƙari a kan haka Prado da GX da Land Cruiser tayoyinsu 4 ke ja kullum, ko kana kan kwalta mai santsi a Western Bypass ƙarafan nan na ƙasa duk suna juyawa suna cin nasu kason.

A nan bari in ɗan tsaya a kan wata magana da dillalai ke yawan yi, don na tabbata an faɗa maka ita: wai ka ɗauki Prado mai fulogi 4, ba ta shan mai. Injin 2.7 ne, inji ne mai ƙarko ƙwarai, ban da abin cewa a kan lafiyarsa. Amma ƙaramin inji ne anka ɗora wa gangar jiki mai sama da tan 2, to dole ka riƙa danna totur kafin ta miƙe, in ka cika ta da mutane da kaya ka kunna esi ka zo wuce tirela a hanyar Gusau za ka ji tana kuka tana neman agaji. Abin da za ka rage bai taka kara ya karya ba, wataƙila 7 ko 7 da rabi a lita maimakon 6. Mai saye don ya tsira daga shan mai bai tsira ba, sai dai ya rage ƙarfi.

To mu zo kan arahar GX ɗin nan, don ita ce ta fi damuna a cikin tambayarka. Malam, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Mai ita bai karya farashi don yana ƙaunarka ba, ya gaji da ciyar da ita ne. GX470 an daina ƙera ta tun ƙirar 2009, wato mafi ƙuruciyarsu ma ta haura shekara 15. Injinta da taimin bel yake aiki ba sarƙa ba, kuma ana so a canza shi duk wajen kilomita 145,000, da yawa daga cikin waɗanda ke hannun mutane ba wanda ya san yaushe rabon da a canza. Bayanta kuma a kan jakar iska take zaune ba sifirin ba, in robar ta tsufa ta tsage sai ka wayi gari ka tarar da gindin motar ya zauna ƙasa kamar raƙumi ya gurfana, da yawa mukan cire mu sa sifirin na ƙarfe a huta. Duk waɗanga kayan daga waje suke zuwa, da dala ake sayo su, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Juyen baƙin mai, Corolla galan ɗaya mai lita 4 ya kusa isar ta, GX kuwa sai lita 6 da wani abu, LX570 ma ta haura 7. Fulogi 8 maimakon 4. Taya 265/65 mai rim 17 ka je ka tambayi kuɗin guda ɗaya sabuwa, ka kwatanta da 195/65 mai rim 15 ta Corolla, sannan ka ninka sau 4.

Bari in ba ka labarin wata da na gani da idona. Bara da bazara wani bawan Allah ya kira ni gidansa, ma'aikaci ne kamarka, mutumin kirki. Na tarar da GX baƙa a ƙarƙashin dogon yaro, ƙura ta rufe ta har yara sun yi rubutu da yatsa a gilas na baya, ganye ya cika ƙasan waifa, tayar gaba ɗaya ta kwanta. Ya saye ta 'yan watanni kafin a cire tallafi. Da mai ya tashi bai sayar ba, kunya ta hana shi, sai ya koma zuba mata na 5,000 na 7,000, wani lokaci ma kwalba biyu wajen 'yan bumburutu, fitilar rizab kullum a kunne. Shi kuma famfon mai cikin tanki yake zaune, man ne ke sanyaya shi, in tanki ya zama kullum a ƙasa sai famfo ya riƙa zafi yana kuma tsotso dattin da ya kwanta a gindi. Da munka sauke tanki munka zaro famfon, rariyar bakinsa ta yi baƙi ƙirin ta toshe da wani abu kamar dusar gero da anka jiƙa, shi kansa famfon ya ƙone. Ina riƙe da shi a hannu yana kallo, sai ya ce min, "Malam, ni wagga mota ta zame min ƙaya, in hau ba hali, in sai da asara." Mun gyara ta, daga baya ya sayar ƙasa da abin da ya zata da nisa, ya koma ƙaramar mota. Abin da ya tsaya min a rai shi ne watannin da ya yi yana biyan agwagwa da buje tana kai masa yara makaranta alhali ga motar miliyoyi a ƙofar gida. Ba na son in zo gidanka in tarar da haka.

Amma fa kada ka ɗauka ina hana kowa. Akwai mutanen da ni da kaina nake ce musu su sayi jif ko da lita ta kai nawa. Akwai wani Alhaji da nake yi wa aiki shekara da shekaru, harkar albasa yake yi, gonakinsa da manoman da yake ba bashin iri da taki suna can cikin fadamun wajen Goronyo da Wurno, sati bai wucewa bai shiga ba sau 3 ko 4. Da yana da Camry. Sau biyu ana jawo min ita da igiya, karo na biyu dutse ne ya fasa kwanon baƙin mai na ƙasan inji, direba bai lura ba ya ci gaba da tafiya har inji ya kama, sai da munka sauke shi gaba ɗaya. Banda shokozoba da bushin da muke canzawa kusan duk bayan wata 3, banda ranakun da ya kasa isa gona ana jiransa da ma'aikata an riga an biya su. Da ya koma Prado man da yake sha ya kusa ninkawa, amma zuwansa gareji ya koma na juye da birki kawai, kuma ba ranar da rairayi ko laka ta hana shi isa inda kuɗinsa yake. Shi jif ɗinsa tana ciyar da kanta. Haka ɗan kwangila mai aikin rijiyoyi ko ginin ajujuwa a ƙauyuka, haka mai kiwo da garkensa ke daji, haka likitan dabbobi, irin waɗanga ba a yi musu lissafin lita, ana yi musu lissafin abin da za su rasa in ba su isa ba. Kuma ko su ɗin, sau da yawa Hilux nake nuna musu kafin Prado, don tana ɗaukar buhu da injin ban ruwa a baya ba tare da ka ɓata kujeru ba.

To kai a wane layi kake? Ƙirga da gaskiya. Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, biki ko suna 3 ko 4, rasuwa in ta faru Allah Ya kiyaye, zuwa duba gona da kaka. A cikinsu ma nawa ne ke faɗowa tsakanin Yuli da Satumba lokacin da hanya ke lalacewa? Da rani Corollar nan ai tana kai ka, tunda ita ke kai ka yanzu. A ce kwana 10 ne a shekara kake buƙatar doguwar mota da gaske. Ka raba 960,000 ɗin can da na ce ka ajiye gida 10, kowace rana ta tashi a 96,000. Ka je ka tambayi nawa ake ɗaukar shatar Hilux da direbanta wuni guda zuwa ƙauyenku, ka kwatanta da kanka. Ga kuma wata riba, direban da ke bin hanyar kullum ya san inda kwalbati ya karye da inda ake ratsewa, kai kuma da ke zuwa jefi-jefi ko da jif kana iya kafewa, na sha ganin Land Cruiser ta nutse har ƙofa don mai ita bai ma san yadda ake sa giyar ƙasa ba.

Sai maganar da ba a son yi a fili amma dole a yi, tsaro. Kowa ya san halin da wasu yankunan jihar nan ke ciki, gabashi wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, da wasu sassan Tangaza da Gudu, da hanyar Gusau. Baƙar jif mai baƙin gilas in ta shiga ƙauye shela take yi, kowa ya san mai kuɗi ya zo, kuma ba ka san wa ke kallo ba ko wa zai kai labari. Na san manyan mutane masu jif 2 ko 3 a gida waɗanda in za su ƙauye sai su ari tsohuwar Golf ko su hau motar haya. Wato ainihin wurin da kake son jif ɗin dominsa, shi ne wurin da wataƙila ba za ka so a gan ka cikinta ba. Ka sa wanga a ma'auni, kai ka san ƙauyenku fiye da ni.

Inda nake ganin kana da hujja mai ƙarfi shi ne yawan iyali. Ku 6 ne, Corolla kujera 5 ce, yara kuma girma suke yi, wanda kake ɗorawa a cinya bana baɗi ba zai ɗoru ba. Wannan matsala ce ta gaske. Amma maganinta ba lallai sai GX ba. Kujerun can baya na GX da Prado ƙanana ne, babba in ya zauna gwiwarsa a ƙirji take, kuma da ka buɗe su but ya tafi, ba inda za a sa akwati. Sienna tana ɗaukar mutum 7 ko 8 kowa ya miƙe ƙafa, ga but mai zurfi, injinta fulogi 6 ne tana ba da wajen 8 a lita, kayanta kuma ko'ina akwai, ka shiga Buzaye wajen makanikai ba bakaniken da bai san cikinta ba. Aibinta ƙasa take, ba ta son rami. In kana son ɗan tsawo to Highlander mai layi 3, amma ka sani ita da RX a kan ƙashin Camry anka gina su, da yawansu ma tayar gaba kaɗai ke ja, siffar jif ce gare su ba aikin jif ba, za su tsallake maka burji da ƙananan ramuka amma kada ka shiga laka da su kana taƙama. In da hali, abin da na fi so shi ne ka bar Corollar tana zirga-zirgar yau da kullum, babbar ta fito ranar da za a fita gaba ɗaya. Wanda ya sayar da ƙaramar ya zuba duka a babba shi ne ke shiga uku, don ko biredi za a sayo sai an tayar da fulogi 8.

Wani zai ce maka ai sai ka juya ta zuwa CNG ka huta. Gaskiya ne iskar gas ta fi fetur araha sosai, gwamnatin tarayya ma ta kafa shiri a kanta tun 2023, kuma babbar mota ita ta fi cin ribar juyin don ita ta fi sha. Sai dai tambayar farko ita ce a ina za ka riƙa cikawa, kuma layin awa nawa ne. Bututun gas na AKK daga Ajakuta ya bi ta Kaduna ya nufi Kano, bai biyo ta nan ba, duk gas ɗin da zai zo mana sai a mota. Kafin ka huda motarka ka je da ƙafarka ka ga wurin cikawa, ka tambayi masu amfani da shi sau nawa suke zuwa su tarar babu. Tukunyar kuma tana da nauyi tana cin but, kuma don Allah ba wajen mai walda ake haɗa ta ba, tukunyar gas ɗin girki ba ta ɗaukar matsin CNG, rai ake magana. Jif mai dizal kuma, ita tana da sauƙin sha fiye da ta fetur, amma dizal ba shi da araha, sannan sababbin injinan dizal ba su yafe gurɓataccen mai, nozul ɗinsu in sunka lalace kuɗin gyaran sai ka riƙe baki.

Na san kuma akwai abin da ba ka rubuta ba, kuma ba laifi ba ne. A garin nan ana kallon mota. Ka je ɗaurin aure da jif a matsa maka wuri, ka je da Corolla ka nemi inda za ka raɓa. Mutum ya yi wahala shekara da shekaru yana son a ga alama, ni ban raina wanga ba ko kaɗan. Amma ka san abin da ke biyo bayanta: ranar da ka faka ta a ƙofar gida, 'yan'uwa da maƙwabta sun ƙara maka matsayi, mai neman 5,000 zai koma neman 50,000, gudummawar biki ta tashi, mai faci da mai wanki ma farashinsu ya canza. Wanda ya sayi doki ya san ba kuɗin doki ne kaɗai ba, akwai dawa da harawa da kanwa da mai kula da shi, safe da yamma, ko an hau ko ba a hau ba. Ni ma'aunin da nake ba mutane shi ne, in ba za ka iya cika tankin nan sau 3 a wata ba tare da ka taɓa kuɗin makarantar yara ko na cefane ba, kuma ka ajiye wani abu gefe don ranar da giyabos ko esi za su yi magana, to lokacinta bai yi ba tukuna.

In kuma duk da haka ranka ya kafe sai ka saya, kuɗinka ne, to ga abin da ba zan yafe maka ba in ka tsallake. Tsakanin biyun ka ɗauki Prado, ko da ta fi tsada, don ta fi riƙe daraja ranar sayarwa kuma masu nemanta sun fi yawa. Takardun kwastan ka kai a tantance maka su a ofishinsu kafin ka biya ko sisi, a Janairun 2017 anka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, mu kuma ga mu kusa da Illela, motoci masu takardun bogi suna yawo, kuma jif ita anka fi tsayarwa a hanya. Ka sa a ɗaga ta a leƙa ƙasa, motar da ta fito daga wuraren ƙanƙara a Amurka ko Kanada gishirin da suke zubawa a titi yana cin shasi, sama tana ƙyalli ƙasa tana ɓarewa kamar ɓawon rogo. A sa mata kwamfuta a karanta, kada ka yarda da "ai wuta ce kawai take kamawa". A duba ko an cire mata indomi, wato matatar hayaƙi, daga salansa, a duba ko an cire tamostat, don makanikai da yawa suna cirewa wai saboda zafin garinmu, alhali injin da bai kai zafin aikinsa ba ƙara shan mai yake yi. Lagireto da fanka su zama lafiya lau, watan Afrilu ba ya yi wa kowa uzuri. Tayoyi kuma ka duƙa ka karanta lambobi 4 ɗin nan da ke gefe, in ka ga 2319 to sati na 23 ne na shekarar 2019, tsohuwa ce ko da zanenta bai cinye ba. Kwaltar Sakkwato zuwa Gusau da rana tsaka ba ta wasa da tsohuwar taya, kuma jif doguwa ce, in tayar gaba ta fashe kana gudu ta fi ƙaramar mota saurin kifewa. Wanga shi ne wurin da bai kamata mai jif ya nemi araha ba ko kaɗan, kuma shi ne wurin da na fi ganin suna nema.

Kafin duk wannan ma, ga aikin da nake so ka yi cikin satin nan. Ka je gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, ka cika Corollarka har bakin famfo ya yanke da kansa, ka mai da ƙaramar mita sifili, ka yi harkokinka yadda ka saba kwana 7 kada ka rage komai, sannan ka koma famfon nan dai ka sake cikawa ka rubuta lita nawa ta ci. Ka lura in motar 'yar Amurka ce mitarta mil take ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6 kafin ta zama kilomita. Litocin da ta ci ka ninka su biyu, shi ne abin da GX za ta riƙa karɓa hannunka duk sati. Sannan ku zauna da uwargida ku ƙirga sau nawa kunka je ƙauye bara, kuma sau nawa a ciki Corolla ta kasa kai ku. Ka turo min waɗanga lambobi, in kuma dillalin ya matsa maka cewa akwai wani mai so gobe, ka ce masa ya sayar masa, irinta suna nan da yawa a ƙarƙashin itatuwa suna jiran mai saye.